Wace karta za ka saya in kana son koyon dabo?

Masu tambayata wace karta ce ta fi dacewa da mai son koyon dabo ko irin wasan nan na juya karta a hannu da ake ce wa kadistiri, amsata ɗaya ce kullum, ku nemi karta mai suna Bicycle, ta takarda mai farin layi a gefen bayanta, ja ko shuɗiya, shi ke nan. Kartar roba dai a bar wa masu buga wasa a majalisa, tana da ƙarko kam ko ruwa ya zuba mata ba ruwanta, amma in ka zo buɗe ta kamar mafici sai ta riƙa fita curi-curi ko ta zame ta watse a ƙasa, kai kana ganin hannunka ne bai iya ba alhali kartar ce.

Ita Bicycle kamfanin USPCC na Amurka ke buga ta tun 1885, a Sinsinati aka fara kafin su koma Kentaki a 2009. Ka ɗauki guda ɗaya ka karkata ta wajen haske, za ka ga wasu ƙananan ramuka ɗigo-ɗigo a jikinta, to su ne ke riƙe iska tsakanin karta da karta har su riƙa sulɓi a kan juna daidai wa daida, ba santsi da yawa ba kuma kamewa. Ka duba girman ma, akwai wadda ake ce wa ta poka mai faɗin inci 2.5 akwai ta birij mai inci 2.25 (poka da birij sunayen wasannin karta ne), kuma ko hannunka ƙarami ne ni dai shawarata ka saba da ta poka tun farko don kusan duk darasin da za ka gani a YouTube da ita ake yi.

Maganar farin bakin nan fa ba ado ba ne. A dabo sau da yawa za ka kifa karta ɗaya a tsakiyar sauran ba tare da mai kallo ya sani ba, in bayan kartar na da farin layi a gefe ba wanda zai gane komai tunda fuskar ma fara ce a gefe. Amma ɗauki wata karta mai suna Bee, wadda zanenta ya kai har ƙarshen baki, kana kifa ɗaya wani farin layi zai fito ɓaro-ɓaro a gefen ƙunshin, asiri ya tonu. Bee tana da nata amfanin wajen masu nuna dabarun 'yan caca, zanen nan nata na ɓatar da ido in ana zaro ta biyu a maimakon ta sama, sai dai wannan ba aikin ɗan koyo ba ne. Sannan mutane sun saba ganin karta irin ta kowa, da ka fito da wata baƙa mai ƙyalli abin da za a fara cewa shi ne kartar ce aka haɗa.

Kadistiri kuwa nan ne zane ke da tasiri sosai saboda ido ake burgewa, ba a ɓoye komai. Kartar Tally-Ho mai da'ira a baya tana da kyau in tana juyawa, haka Virtuoso da wasu samari 'yan Singafo suka fitar musamman don wannan harkar. Irin su Virtuoso suna da tsada amma, kuma mai koyo kartarsa kullum a ƙasa take, wata biyu ta yi laushi ta yi baƙi, to don Allah kar ka fara da mai tsada.

Yanayinmu ma yana cin karta. Da damina takardar na shan laima ta manne, da hunturu ta bushe ta lanƙwashe har tana ƙas-ƙas in ka danna. Ka wanke hannu ka shanya kafin ka taɓa, in ka gama ka mayar da ita kwalinta ka ɗora littafi mai nauyi a kai, kar ka bar ta a aljihun wando ko cikin mota da rana. In da hali ka sayi kwali biyu ko uku kana musanyawa, wadda ta sha gumi yau ta huta gobe.