Saƙon banki da ba daga banki ya fito ba

Abin da ya fi tayar min da hankali game da masu turo imel da sunan banki shi ne yadda suka ƙware. A da ana gane su da rubutu mai kurakurai da tambari a karkace. Yanzu kuwa, wanda ya shigo min kwanan nan tambarinsa daidai, launinsa daidai, har da gargaɗi a ƙasa wai in yi hattara da 'yan damfara. Sun ce an ga wani yana ƙoƙarin shiga asusuna, kuma idan ban tabbatar da bayanaina cikin awa 24 ba, za a rufe shi.

Wannan gaggawar ita ce jarinsu. So suke gabanka ya faɗi, ka danna kafin ka yi tunani.

Sunan da ke saman saƙo ba ya ruɗa ni, domin kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a wurin. Adireshin da ke ƙarƙashin sunan nake buɗewa in karanta harafi bayan harafi. A nan suke ɓuya: a jera r da n su yi kama da m, ko a sa sifili a gurbin o, ko a ƙara wata kalma bayan sunan bankin. Haka ma maɓallin da suka ce a danna. Idan a waya ne, ka ɗora yatsa ka riƙe, ainihin inda zai kai ka zai bayyana. Kada kuma alamar kwaɗon nan da ke gefen adireshin shafin intanet ta kwantar maka da hankali. Kyauta ake samunta, kuma shafin ɓarawo ma yana da ita.

Bankinka ba zai taɓa neman PIN ɗinka ta imel ba, ko lambobi uku na bayan kati, ko lambar OTP da aka turo wa wayarka. Ita OTP ɗin nan ce ta fi ba ni tsoro, don sau da yawa kana rubuta ta a shafin bogi, ɓarawon kuma yana can yana shigar da ita a shafin gaskiya.

Ni dai ba na shiga asusuna ta cikin saƙo. Manhajar bankin nake buɗewa da kaina. Idan kuma ka riga ka rubuta bayananka, kada kunya ta sa ka yi shiru. Kira lambar da ke jikin katinka nan take a toshe shi, sannan ka canza kalmar sirrinka.