Kafin ka ce laifin matarka ne

Ɗan ƙanwata, mai kabu-kabu a bakin Kasuwar Dole, ya zo mini da maganar ƙarin aure, wai matarsa ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Na ce kun je asibiti? Ya ce, "Kawu, ni ƙalau nake, ita ce dai." Hujjarsa ita ce ba ya gazawa a shimfiɗa.

Da wannan hujjar na saki macen kirki. Ina saurayi na kamu da ciwon sanyi, na sayi kafso hannun mai talla, na sha har zafin fitsarin ya lafa. Daga baya marainana suka kumbura, na bi da jiƙo, na yi gum. Wa zan gaya wa? A Birni lokacin, ko sunan gaɓar ba ka isa ka kama gaban manya ba. Da aure ya daɗe shiru, tsohuwata ta matsa, dangi suka matsa, ni kuwa ban ga abin da ya ragu a jikina ba. Ban wanke kaina ba, amma babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya yi mana bayani. Matar tawa ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, ta sha gori. Ta yi aure a Mirya, ta haihu. Duk da haka sai da na ƙara jan ƙafa kafin na yarda aka gwada ni.

Likita ya ce ƴaƴan maraina aiki biyu suke yi: ƙera ƙwayoyin haihuwa, da samar da sinadarin da ke kawo gemu, kaurin murya da sha'awa. Ƙwayoyin kan ɗauki sama da wata 2 kafin su haɗu, sannan su nuna a cikin wani siririn bututu da ke nannaɗe a bayan maraina, mai tsawon kusan mita 6. Yawancin ruwan maniyyi kuwa wasu gaɓoɓi ne kusa da mafitsara suke zubo shi. Ciwon sanyin ya toshe mini bututun. Sha'awa na nan, ruwa na fita, ƙwaya babu.

Na so in yi muku doguwar nasiha, amma ku yaran yanzu kun fi yarda da mai lasifika da kwalabe da abokan fada! Kuna riƙe da waya dare da rana, ba ku san aikin jikinku ba.

Ka ga ruwan ciwo na ɗiga daga gabanka ko kumburi, ka je asibiti ranar, matarka ma a yi mata magani. Haihuwa ta yi jinkiri shekara guda, a fara gwada ka, awonka ya fi nata sauƙi. Sirrinka ne, kar ka gaya wa kowa. A'a, ka gaya wa mahaifiyarka, don ita ce za ta fara yi wa yarinyar gori.