Wata takwas ba tramol

Yau wata takwas kenan rabona da tramol, Alhamdulillah. Na fara ne lokacin da na shiga tuƙa mashin a Garwa, wai don in jure rana da gajiya, ƙwaya ɗaya da safe cikin shayi, kafin in ankara na koma uku har huɗu ta mai ƙarfin nan, miligiram 225, rabin sefar da na samu wurin mai tebur take ƙarewa.

Mutane suna cewa "kawai ka koma ga Allah". To ai lokacin ma ina sallah, wani sa'in a sahun gaba, ƙwaya na aljihuna. Abin da ya riƙe ni a masallaci wani dattijo ne mai jan carbi kusa da ni, bai taɓa min faɗa ba, kullum bayan asuba sai ya ce "ɗana, jiya ya aka kwana?" Kunyar yi masa ƙarya ta fi min wa'azi aiki.

Kwanakin farko kam wallahi zufa, zawo, ciwon ƙashi, ba barci, sai da na je asibiti likita ya ce a rage a hankali, yanke ta lokaci ɗaya wahala ce. Amma ƙarfe uku na dare ba liman ba likita, ni kaɗai kan tabarma ƙafafu na rawa, a nan na koyi roƙon Allah da bakina, da Hausa, ina kuka kamar yaro.

Har yanzu in na zo gaban mai teburin nan sai in murza mashin, ba na ko waiwaye.