Ranar da "Tell me about it" ta kunyata ni

Har yau idan na ji wani ya ce "Tell me about it", sai kunya ta lulluɓe ni kamar jiya abin ya faru.

Taron aiki ne ta bidiyo, mu shida. Kafin a fara na ɗan yi ƙorafin cewa aiki ya yi min yawa, ko barcin kirki ban samu ba. Wata abokiyar aiki 'yar Ingila ta ja dogon numfashi ta ce, "Tell me about it." Na ce a raina, yau kam an samu mai tausayi. Na gyara zama na shiga zuba: rahoton da aka dawo min da shi sau biyu, kwamfutata da ta ɗauke, har da ciwon kai. Kusan minti 10! Kowa ya yi tsit, shugaban taron sai duba agogo yake yi. Bayan an tashi wani ya turo min saƙo: "Malam, ba labari ta ce ka ba ta ba fa. Nufinta ita ma haka take fama."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne duk kalmomin huɗun na san su tun ina yaro, babu wadda zan nema a ƙamus.

Kuma da ma an taɓa yi min gargaɗi, ban ankara ba. A makon farko da ta ce min "You alright?" sai da na leƙa fuskata a kyamara, ko alamar rashin lafiya ta gani. Ashe a Ingila gaisuwa ce kawai, ka ce "Yeah, you?" a wuce wurin. Haka "What's up?" ta 'yan Amurka, "Not much" ta wadatar.

Yanzu ba na rubuta irin waɗannan maganganu su kaɗai a littafina, sai tare da amsar da na ji masu harshen suna bayarwa. Ina kuma lura da murya da fuska: in mutum ya faɗa yana girgiza kai, bai tsaya jiran amsa ba, to ba tambaya ba ce. Da na kalli fuskarta ranar nan, ai da na gane.

Jiya ta yi ƙorafin intanet ɗinta na yankewa. Na ja numfashi na ce, "Tell me about it." Ta yi dariya har da ƙwalla, wato ba ta manta ba.