Motar da na kai ƙofar gidanta

Jiya na miƙa makullin durowa da katin shaida, bayan shekara huɗu ina aiki da matan da ke yi wa kansu allurar maye a Gombe, ɗaya daga cikin jihohi uku da aka fara gwada rabon sirinji mai tsabta a 2020, tare da Oyo da Abiya. An ce in bar wa masu zuwa 'yan shawarwari, sai dai duk inda na juya alƙalami, kan mace guda yake komawa.

Tana da sikila, kuma a gadon asibiti ta fara sanin allurar fenta, mai kashe zafin ciwo, ranar da ciwon ƙashi ya tashi. Daga baya ta koma saye a kemis ko babu ciwo. Lokacin da ta fara zuwa wurinmu, cinyoyinta sun taurare kamar itace, ga gyambo a ƙwauri da take rufewa da safa har cikin zafin bazara. Gwaji ya nuna tana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, ga kuma ciki wata huɗu. Mun ɗora ta kan magani, domin mai cikin da ke sha a kan kari da wuya ta shafa wa jaririnta. Roƙonta ɗaya ne: "Anti, don girman Allah kada ki zo gidanmu." A kwalbar maganin ƙarin jini take ɓoye ƙwayoyinta.

Da ta yi mako biyu ba ta zo karɓar magani ba, sai shugaban shirin, wanda rahoton ƙarshen zango ya fi damunsa da komai, ya ce a nemo duk wadda ta ɓace kafin Juma'a, kuma a tafi da motar ofis don kada a ɓata lokaci. Na san abin da aka zana a jikin motar nan zai iya tona mata asiri, na kuma tuna roƙonta, amma na shiga. Kishiyarta ce ta amsa sallama, ta dubi motar, ta dubi rigar aikina, ta ce in shigo. Kafin mako ya zagayo an ba matar da na je nema takardar saki. Wai ta tafi wajen wata gwaggonta, wayarta kuma ba ta sake shiga ba. A rahoton, shugaban ya rubuta cewa ta ƙaura. Shi ya ba da umarni, har yau kuma bai ga laifinsa ba, amma ni ce na sauka daga motar.

Binciken da aka fitar a 2019 ya ƙiyasta masu allurar maye a Nijeriya sun kai 80,000, kuma cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. Duk da haka, namiji kan shigo ofishinmu da rana tsaka, mace kuwa sai bayan magariba, cikin dogon hijabi, domin ita aure da 'ya'ya da mutuncin gidansu take cacar da su. Saboda haka wanda ya gaje ni ya tambayi kowace mace inda take so a same ta, ya kuma tsaya a kan amsarta, ko da sama za ta faɗo.

Sauran shawarwarin ba su da yawa. A tambayi mace wane ne ke yi mata allurar, domin da yawansu saurayi ko miji ne ke soka musu bayan ya gama da sirinjin, kuma sabon da muka ba ta aljihunsa yake shiga. Kada a tsaya kan ƙanjamau kaɗai: ciwon hanta nau'in C ya fi shi saurin yaɗuwa ta allura, ba shi da rigakafi, amma yana warkewa da maganin mako 12, nau'in B kuma yana da rigakafi da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa. Wadda za ta je awo a raka ta, don kallon da wasu ma'aikatan jinya ke yi wa tabon allura kan sa mace ta haƙura da asibiti gaba ɗaya.

Fayil ɗinta yana durowar ƙasa, ban yarda an rufe shi ba. Bisa lissafin awo, yaron ya isa yaye yanzu.