Ni da 'yan wuƙaƙen aljihu

Duk garin da na sauka ranar kasuwa, wasu su nufi wajen masu tsire, ni kuwa sai rumfar 'yan koli da layin maƙera. Wannan karon Jega ce ta ja ni.

Na tarar da wani dattijo ya baza kayansa a tabarma: kwaɗo, allura, madubi, ga wuƙaƙe masu naɗewa a gefe. Yawancinsu 'yan Chana ne, sai ƙyalli, kwana biyu bakin ya dakushe. Can ƙasa na hango tsohuwar Okapi mai ƙotar katako da zoben nan da ake ja kafin ta rufe. Irinta kakana yake fere rake da ita, yana gyara alƙalamin karatu.

Na ce, "Baba, nawa?" Ya ce, "Yaro, in ka san ta, ai ka san kuɗinta." Muka yi ta ja-in-ja har ya sallama.

Da na iso gida Birnin Kebbi, uwargida ta kalle ta, ta ce, "Ta bakwai ke nan fa, kuma ko albasa ba a yanka da su."