Yarima mai jiran gado na shekara 70

Duk lokacin da hirar sarauta ta tashi a shagon ɗinkina da ke Aboabo, sai an ambaci Sarki Charles na Ingila, saboda mu a Kumasi ba baƙonmu ba ne. A Nuwamban 2018, yana Yariman Wales, ya zo fadar Manhyia shi da matarsa Camilla, Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu II ya tarbe su. Da aka zo naɗinsa a Westminster ranar 6 ga Mayu, 2023, Otumfuo na cikin waɗanda suka je.

Abin da ke ɗaure mini kai a rayuwar mutumin nan shi ne jira. An haife shi a 1948, mahaifiyarsa Elizabeth ta hau karaga a 1952, tun yana ɗan shekara 3 kowa ya san shi ne magaji. Bai samu ba sai ranar 8 ga Satumba, 2022, yana da shekara 73. A tsakanin nan ya auri Diana a 1981, suka haifi William da Harry, aure ya mutu a 1996, ya auri Camilla a 2005, har ya ga jikoki, ana dai kiransa yarima.

A nan Asante ba a yin haka. Ɗan sarki ba ya gadon ubansa, ta wajen uwa ake bi, kuma Asantehemaa, wato uwar masarauta, ce ke fitar da wanda take ganin ya dace, masu zaɓe su amince ko su ƙi. A ƙasar Hausa ma 'ya'yan sarki kowa na sa rai har sai an sanar. Su kuwa Turawan nan lissafi ne kawai: William, sai 'ya'yansa: George, sai Charlotte, sai Louis. Charlotte ta sha gaban ƙaninta ne domin dokar 2013 ta daina fifita namiji. Wani dattijo da ke kawo mini ɗinkin riguna ya ce, "Ɗana, wannan ai layin awo ne, ina sarauta ba takara?" Ni dai ina ganin tsarin ya rage gaba tsakanin 'yan'uwa, amma ba ruwansa da cancanta.

Sarautun Charles kuwa sun fi ikonsa yawa. Sarki ne a Birtaniya da wasu ƙasashe 14, irin su Kanada da Jamaika, shugaban Cocin Ingila, kuma shugaban ƙungiyar Commonwealth da Ghana ke ciki. Duk da haka doka majalisa ke yi, shi hannu yake sawa. Inda maganarsa ke da kaifi shi ne cikin gida: kwana ɗaya da hawansa ya ba William sarautar Yariman Wales, a Oktoban 2025 kuma ya tuɓe wa ƙaninsa Andrew sunan yarima gaba ɗaya.